Ƙudan Yashi da Shekarar Tsutsa

Duk shekara idan makarantar koyon aikin gona ta turo mini ɗalibai, da dariya muke fara ranar farko. Sai su ga dattijo da furfura riƙe da ragar kamun ƙwari, su ji an ce sana'arsa kama ƙuda, su sunkuyar da kai suna zungurin juna. Ku ma na gan ku ɗazu. Ba komai. Wani cikinku har ya ce idan na kai shi mahautar Karaye zai cika mini kwalba kafin azahar. Zai cika kam, amma ko ɗaya ba zan karɓa ba. Ku gyara zama ku ji irin ƙudan da nake nema, da inda nemansa ya taɓa kai ni.

Ƙudan da muke bi ba ya sauka a kan nama, ba ya shiga masai, bai damu da tuwon kowa ba. A littafi takinid ake ce masa, mu a bakin aiki ƙudan tsutsa muke cewa. Macen takan nemi tsutsar da ke cin amfanin gona, ta manna mata ƙwai a jiki, ko ta zuba su a ganyen da tsutsar za ta ci. Idan ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya shige cikinta, ya yi ta cin ta tana raye tana yawonta. Ranar da ya ƙoshi ya fasa fatarta ya faɗo ƙasa, ya zama ɗan ƙwanso ja-ja kamar kashin ɓera. Daga nan sabon ƙuda ke fitowa. Manomi bai san da shi ba, amma aiki yake yi masa ba dare ba rana. Irinsu suna da yawa ƙwarai, kuma akwai waɗanda ba a samunsu ko'ina sai a kan yashi: bakin rafi, tudun rairayi, tsohuwar hanyar ruwa da ta bushe. Waɗannan su ne masu wuyar gani, su ne kuma suka cinye mini ƙuruciya.

Wanda ya koya mini aikin nan Malam Danladi ne, ma'aikacin wata cibiyar binciken noma. Ya zo Karaye yana neman wanda ya san lungunan bakin Challawa, ni kuma na gama sakandare ina zaune, aka haɗa mu. Na ɗauka raga zai miƙa mini. Sai ya zaunar da ni gaban madubin ƙara girma, ya soka ƙudaje biyu a jikin ɓargon kara ya tura mini.

"Lawan, ɗaya na mahauta ne, ɗaya namu ne. Raba mini su."

Na duba har idona ya yi ruwa. Na ce, "Malam, wallahi wa da ƙani ne."

"Juya wannan ta gefe. Dubi ƙarshen doronsa, inda yake da ɗan murfi. Me ka gani a ƙarƙashin murfin?"

"Wani ɗan kumburi, kamar matashin kai."

"To dubi ɗayan."

Babu. Ya ce wannan matashin shi ne shaidar gidansu, duk ƙudan da ba shi da shi in sake shi ya tafi. Amma sanin gida ba shi ne sanin suna ba. Sai ka bi gashin jikinsa, gashi mai kauri kamar ƙaya, ka ga nawa ne a gefen ƙirji, wanne ya kalli gaba, wanne ya kwanta baya, ko na saman kai sun gitta juna. Sai ka bi jijiyar fiffike ka ga inda ta lanƙwasa, ko ta taɓa 'yar'uwarta ko ta tsaya nesa. Sai ka juya shi a haske ka ga hodar da ke fuskarsa, fara ce ko ruwan zinariya. Na shafe damina guda ban taɓa raga ba, ina ta juya matattun ƙudaje. Idan na karya gashi ɗaya da yatsa, Malam ba ya faɗa. Zare allurar yake yi, ya jefar da ƙudan ta taga, ya ce, "Ka goge masa suna."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da halinsa. Raga daga gidan sauro mai laushi tela ke ɗinka mana ita, mai doguwar wutsiya. Allura ba ta ɗinki ba ce, wannan tsatsa take yi ta cinye ƙuda. Tamu baƙa ce siririya, kuma a dama da tsakiyar doro ake soka ta don gefe ɗaya ya tsira da gashinsa. Akwati sai da kafur, kuma ba a ajiye shi a ƙasa, don kiyashi na iya share aikin shekara kafin ka dawo daga kasuwa.

Sai kwalbar kisa. Ku yanzu auduga kuke jiƙawa da ruwan goge farce, iyakarta ta sa muku ciwon kai. Tamu ta da, guba ce ta gaske aka binne a gindinta ƙarƙashin farar ƙasa. Amfaninta shi ne ƙuda na shiga ya mutu nan take, bai samu damar buge-buge ya karya gashinsa ba. Wata rana muna dawowa daga Rogo babur ya kwashe mu a cikin yashi. Na tashi ina kaɗe riga, na nufi jakar Malam zan ɗauko masa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Bar ta! Riƙe numfashinka, koma ta inda iska ke tasowa!"

Kwalbar ce ta fashe a ciki. Da doguwar sanda ya ja jakar zuwa wani rami da ruwa ya ci, muka yi ta tura mata ƙasa daga nesa, da abincinmu da komai a ciki. Da muka gama ya zauna ya ɗaura igiyar takalminsa. Tun daga ranar kowace kwalbar kisa sai na naɗe ta da robar tayar keke, kamar yadda ake naɗe ƙotar gatari.

Kamun ƙudan yashi kuwa a kwance ake yinsa. Da hantsi, lokacin da yashi ya ɗumama amma bai fara ƙuna ba, sukan fito su baje suna shan rana. Idan ka zo a tsaye inuwarka ta riga ka isa, ba za ka ga ko ɗaya ba. Sai ka ja ciki, ka sa rana a gabanka, ka kifa raga da ƙarfi, sannan ka ɗaga wutsiyarta sama, shi da kansa zai tashi ya shige. Abin da ba a faɗa a aji shi ne, akwai wata mai son wannan yashin da wannan lokacin. Akwai ranar da nake kwance a bakin Challawa, idona a kan wani ƙuda, sai na ji ƙara kusa da gwiwar hannuna, kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Kububuwa ce take goga jikinta. Launinta da na yashin ɗaya ne, na wuce ta gabanta ban gan ta ba. Malam yana bayana, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Kada ka ɗaga kai. Kada ka janye hannun. Ja da cikinka baya, yadda ka zo."

Na yi ta ja, ƙarar na ƙaruwa, ina kallon wuyanta yana naɗewa. Sai da na ji tafin Malam a duga-dugaina sannan na san na fita. Mun san wani mai ɗiban yashi da ta sara a wannan gaɓar, jini ya yi ta fita masa ta dasashi har aka kai shi asibiti a makare. Shi ya sa ba na kwanciya a yashi sai na fara share wurin da doguwar sanda, ko da hakan zai kori rabin ƙudajen.

A akwatin Malam akwai wata allura da ba ta ɗauke da komai sai kai da fiffike ɗaya. Ƙwari sun cinye sauran tun kafin in san shi. Amma fuskar na nan, tana walƙiya kamar sabon zoben azurfa. Ya ce a wani yashi na ƙasar Rogo ya kama shi yana saurayi, dogayen ƙafafu gare shi, gefen cikinsa ja. Ya nuna wa manyan masana, babu wanda ya iya cewa ga sunansa, sun ce sai an samo wani cikakke. Mai azurfa muke kiransa. Malam ya yi ritaya, ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai sake ganin na biyu ba. Akwatin ya dawo hannuna.

Masu neman aikina iri-iri ne. Akwai ɗaliban jami'a da ke zuwa saura kwana kaɗan su miƙa aiki, suna son a cika musu akwati kamar ana auna gero. Akwai masu turo hoton waya, ƙuda a nesa kamar ɗigon tawada, wai in faɗi sunansa yanzu. Akwai malaman gona da ke kawo tsutsa a kwalin ashana. Wadda na fi daɗewa ina yi wa aiki ita ce Dokta Rabi, malama ce a jami'a, ta san ƙudajen nan ciki da waje. Idan na kai mata abu ba ta gaggawa, takan ce, "Malam Lawan, bari mu ji me gashin zai ce."

Shekarar da baƙuwar tsutsar nan ta shigo masara, kuna yara. Ba mu taɓa ganin irinta ba. Can cikin tsakiyar ganye take shigewa, ta bar kashi kamar dusar katako. Gonar da ka bari kore shar, ka dawo ka tarar da ganyenta kamar rariya. Mutane suka yi ta feshi ba ta mutuwa, har toka da omo aka riƙa ɗurawa a bakin masara. Dokta Rabi ta kira ni ta ce in tattaro tsutsar daga gonakin da ke bakin yashi in raine ta, mu ga ko ƙudajenmu na gida sun fara kama ta. Raino kuwa sai kowace tsutsa da 'yar robarta da guntun ganyenta, don idan ka haɗa su cinye juna suke yi. Haka na riƙa yawo da akwati cike da robobi a bayan babur ɗin Hashimu, ɗan acaɓan da ya daɗe yana ɗaukata, magidanci ne mai hankali.

Akwai wani ƙauye can bayan Beli, sunansa ba zai ƙare ku da komai ba. Yana da wani farin yashi mai faɗi a gefen gonakin masara. Tun farkon damina na je na gaida dagaci, na yi masa bayani, ya ba ni izini, har ya sa aka kawo mini fura. Abin da ban sani ba shi ne maganar da ke yawo a majalisu. Wai duk gonar da mai robobin nan ya shiga sai ta mutu. Kuma gaskiya ne, don inda tsutsa take nan nake zuwa. Wai masu sayar da maganin feshi ne suka turo ni in shuka musu ciniki. Hashimu ya taɓa jin ƙishin-ƙishin a teburin mai shayi, ya ɗauka raha ce.

Ranar da abin ya faru tayarmu ta yi faci a bakin ƙauyen. Hashimu ya sauke ni da akwati a gindin wata kanya, ya tura babur ya nufi bakin titi. Na gama zagayen gonaki, hantsi ya yi, na ce bari in leƙa yashin. Na share wuri na kwanta. Ban daɗe ba wani abu ya walƙa a gabana, kamar an juya madubi. Dogayen ƙafafu, gefen ciki ja. Da ya juyo fuska sai ga azurfar nan. Na kifa raga, na ɗaga wutsiya, ya tashi ya shige. Na lallaɓa na sa shi a siririyar kwalba na toshe da auduga. Kwalbar kisa tana can cikin akwati, don haka na zura shi a aljihun gaba da ransa, na miƙe in hau tudu.

Mutane na gani sun kewaye akwatin. Wasu da fartanya, wasu da sanda, ɗaya da adda. Na yi sallama. Babu wanda ya amsa. A duk rayuwata ban taɓa yi wa taron Musulmi sallama aka yi shiru ba sai ranar.

Wani ƙaƙƙarfan mutum ya matso. Daga baya na san sunansa Alhassan, kuma tsutsa ta cinye masa masara kaf, ga iyali. Ya nuna akwatin da ƙafa.

"Bawan Allah, mene ne a nan ciki?"

"Tsutsa ce, yallaɓai. Daga gonaki na tsinto ta, dagaci ya san da zuwana."

Wani ya buɗe roba ɗaya ya ɗaga ta sama. Tsutsar ta yi ɓul-ɓul, tana kan ganyen da na sa mata da safe.

"Ku duba! Har abinci yake ba ta!"

Na ce, "Ku saurare ni, rainonta nake yi don..."

"Kun ji da bakinsa! Rainonta yake yi!"

Duk kalmar da na saba faɗa a wurin aiki, a nan sai ta zama shaida a kaina. Ina cikin neman wata, na ga Alhassan ya zaro kwalbar da ke naɗe da roba. Ya jijjiga ta, ya murɗa murfin, ya fara kai ta hanci. Kwalbar ta sha rana tun safe. Idan na yi shiru, zai iya zubewa a gabana. Idan na yi magana, na ba su kalmar da suke jira. Ban san lokacin da na daka tsawa ba.

"Kada ka shinshina! Guba ce!"

Ya mayar da murfin. Sai kalmar ta fara tafiya daga baki zuwa baki, guba, guba, har wani daga baya ya ce rijiya. Ƙotar fartanya ta sauka a kafaɗata, na durƙusa, hulata ta faɗi. Na ji ana cewa a gama da shi a nan. Alhassan ya cakumi wuyan rigata ya ɗaga ni, ya ce, "A'a, ƙofar dagaci za a kai shi, kowa ya gani." Haka ya ja ni har cikin gari, ana duka ta baya, taron na ƙaruwa a kowane lungu.

Dagaci ba ya nan. Yana Rogo, hakimi ya tara su a kan maganar tsutsar nan. Wanda muka tarar a zaure shi ne limamin garin, Malam Isyaku, tsoho tukuf, idonsa ma ba ya gani sosai. Ya saurari hayaniyar, ya laluba ya kama hannuna, ya tura ni ciki. Sannan ya zauna a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafafunsa daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan, ya fito da carbi.

"Baƙon dagaci ne har dagaci ya dawo. Mai son shiga sai ya tsallake ni."

Matan gida suka sa sakata a ƙofar ciki. Na zauna a lungu, rufin kwano na zubo zafi. Ba na ganin komai sai bayan Liman da ƙafafun mutane. Ina jin wani matashi yana cewa a ɗaye kwanon ta baya. Ina jin wata mata tana kuka tana lissafa abin da za ta ciyar da 'ya'yanta bana. Sai na ji warin fetur. Na ɗauka zauren za su ƙona. Ashe akwatina suka jawo tsakar fili, da raga da komai, suka cinna masa wuta. Warin roba ya cika wurin. Na rarrafa kusa da Liman.

"Allah gafarta Malam, kwalbar nan mai naɗin roba, kada ta shiga wuta. Hayaƙinta zai kwantar da mutane."

Ya ɗaga murya ya tambayi wa ke riƙe da ita. Tana hannun Alhassan, ya matsa kusa da wutar ke nan. Liman ya ce, "Alhassan, ka ji abin da ya ce. Sau biyu ke nan yau yana hana ka mutuwa. Riƙe ta da kyau." Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya tafi. Amma kwalbar ba ta shiga wuta ba.

Da azahar ta yi Liman bai tashi ba. Ya ce na'ibi ya ja salla a masallaci, ya sa aka kawo masa buta, ya yi alwala a nan bakin ƙofa, ya yi sallarsa a zaune. Wasu suka tafi masallaci, da yawa suka tsaya. Ni taimama na yi da ƙasar zauren, kuma har yau ban san raka'a nawa na yi ba. Duk wannan lokacin ina jin ƙudan yana ziza a ƙirjina, yana bugun gilashi. Na san abin da zafi da gumi suke yi masa. Amma idan wani ya leƙo ya ga wata kwalbar a hannuna, ko Liman ba zai iya tare su ba. Na bar shi a aljihu. Can wajen la'asar na ji ya yi shiru.

Hashimu ne ya cece ni. Ya dawo da tayarsa, ya hango hayaƙi da taro, ya tambayi wata tsohuwa a bakin rijiya, ya juya bai shiga garin ba. Ya zuba gudu har Rogo, ya kutsa cikin taron hakimi ba tare da an yi masa iso ba. Bayan la'asar mota ta tsaya, dagaci ya fito tare da malamin gona na ƙaramar hukuma. Bai shiga zaure ba, ya tsaya kusa da Liman.

"Daga taron tsutsar nan nake. Tana Karaye, tana Kano, tana garuruwan da mutumin nan bai taɓa takawa ba. Ni na ba shi izini. Mai magana, da ni yake da ita."

Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, to gubar fa?"

Malamin gona ya karɓi kwalbar daga hannun Alhassan, ya yi musu bayanin aikinta. Suka watse a hankali, amma ba watsewar waɗanda suka gamsu ba. Ta bayan gida aka fitar da ni, na kwanta a kujerar baya aka lulluɓe ni da babbar rigar dagaci har muka wuce gonaki. Kafaɗar nan da kuke gani, tun ranar ba ta ɗaga raga sama da kaina.

Aikin damina guda ya ƙone, ba mu san ko ƙudajenmu sun kama tsutsar a wannan shekara ba. Da na iya tashi, na kai wa Dokta Rabi abin da ke aljihuna. Ta sa shi a madubi, ta juya shi ta ko'ina, sannan ta matsa ta ce in duba. Gumin kwalba ya jiƙa shi, azurfar fuskar ta koma baƙa ƙirin. Gashin kai da na ƙirji duk sun kakkarye, bakin fukafukan ya yage. Ɗan kumburin nan mai kama da matashin kai yana nan, wato ɗan gida ne. Iyakar abin da za a iya faɗa ke nan.

"Da namiji ne, Malam Lawan, da mun buɗe ƙarshen cikinsa, ko ya lalace zai faɗa mana. Mace ce. Mace kuwa sai da gashi da launi."

Na ce, "Dokta, na ga fuskar da idona a kan yashi."

"Na yarda da kai. Amma ba zan iya rubuta abin da ba zan iya nunawa ba."

Gaskiyarta ne. Na soke shi kusa da na Malam, a akwatinsa da ke gida.

Sai da aka yi kaka biyu sannan na iya komawa. Dagaci ya aiko cewa ƙura ta lafa. Hashimu ya sauke ni a gindin kanyar, bai kashe babur ba. Da na leƙa, babu farin yashi. Motocin tifa sun kwashe shi an kai birni gini, sai wani ƙaton rami da koren ruwa kwance a ciki. Ina tsaye na ji taku a bayana. Na juya, mutum ne da fartanya a kafaɗa. Alhassan. Shi ya fara yin sallama, na amsa. Ya tambayi iyali, ya tambayi kafaɗa, idonsa na kan ramin.

"Abin da kake nema a nan yake?"

"A nan yake da."

Ya sauya wa fartanyar kafaɗa. "Akwai wani yashin bayan gonata, tifa ba ta iya shiga. Bai kai wannan ba, amma fari ne. In za ka zo, ka fara biyowa ta gidana in raka ka. Kada ka zo kai kaɗai, Malam. Har yanzu akwai masu cewa kai ne."

Duk damina nakan je. Shi ke wucewa gaba, ni ina biye. Idan na kwanta a yashin, yakan tsaya a kan tudu ya juya mini baya, fuskarsa na kallon hanyar gari, har sai na tashi.